Mijina ɗan sanda ya rasu a bakin aiki, ɗanmu yana gudun sunan aikinsa

Assalamu alaikum, Anti. Ina rubuto miki daga Jos, ina cikin takaba. Mijina sufeton 'yan sanda ne da ya shekara 18 yana aiki, kuma ya rasu ne a daren da 'yan bindiga suka yi wa motarsu ta sintiri kwanton ɓauna a bayan gari, shi da abokin aikinsa guda. Ya bar ni a gidan bariki da yara uku, namiji ɗan shekara 12 da ƙannensa mata biyu, sai mahaifiyarsa da girma ya kama. Tun kafin a yi jana'iza hotunan gawarsa suka bazu a Facebook da WhatsApp, wasu suna addu'a, wasu kuwa suna rubuta cewa Allah ya ƙara, ai masu karɓar na goro ne a kan hanya. Ɗana ya karanta a wayar wani, ya yi faɗa da yara a Islamiyya, ya dawo ya tambaye ni ko da haram Abbansa yake ciyar da su, kuma tun ranar ba ya son a ambaci aikin mahaifinsa. Ga kuma ƙanin mijina, wanda sunansa marigayin ya rubuta a takardun aiki a matsayin makusancinsa tun kafin ya aure ni. Duk takardun suna hannunsa, kuma yana so a ɗauki gudummawar da abokan aikin mijina suka haɗa mana a yi gagarumin taron arba'in, da rumfuna da kalanda da riguna masu hotonsa, ya ce hakan ne karramawa. Da na nuna shakka sai aka ce idona a kan kuɗi yake. Anti, shin mijina shahidi ne? Me zan gaya wa ɗana, kuma ta yaya zan girmama mutumin nan yadda ya dace?

Uwar marayu, Jos.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan maigidanki, ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya ba ki haƙurin jure wannan rashi, ya kuma raya abin da ya bari cikin albarka. 'Yar uwa, tambayoyin da kika kawo ba nauyinsu ɗaya ba. Taron arba'in, a yi shi ko a bar shi, kafin magariba ya watse, kuɗin haƙƙi kuma za su fito ko da an sha zirga-zirga, amma abin da yaron nan ya ƙudurta a ransa game da mahaifinsa a cikin 'yan watannin nan, da shi zai girma, kuma shi zai faɗa wa nasa 'ya'yan. Don haka a kansa zan fi daɗewa, domin a ganina mafi girman karramawar da ta rage a hannunki ita ce ki tsare wa marigayin mutuncinsa a idon 'ya'yansa ta hanyar gaskiya, sannan ki tsare wa 'ya'yan haƙƙin da ya mutu ya bar musu.

Kafin nan, kada ki bari kowa ya sa ki ɗauki hawayenki a matsayin raunin imani. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi da maganganun ƙin yarda da ƙaddara. Ki yawaita addu'ar da Ummu Salama ta riƙe lokacin da mijinta ya rasu, wadda ma'anarta ita ce roƙon Allah ya ba da lada a kan musibar, ya kuma musanya da abin da ya fi alheri. Mijin nata Abu Salama ma raunin da ya samu a yaƙin Uhudu ne ya zama ajalinsa, ya bar ta da ƙananan yara, saboda haka wadda ta ruwaito mana wannan addu'a ta san irin halin da kike ciki.

Abu na farko da zan roƙe ki game da yaron shi ne kada ki ce masa duk abin da ake faɗa a kan 'yan sanda ƙarya ne. Yaron da ya taso a Jos ya sha shiga mota ya bi hanyar Bauchi ko ta Zariya, ya ga direba yana miƙa hannu ta taga a shingen bincike, kuma idan kika musanta masa abin da idonsa ya gani, zai daina gaskata ki a kan abin da bai gani ba, wato halin mahaifinsa a wurin aiki. Ki gaya masa cewa lallai a cikin aikin akwai masu cin hanci, akwai masu zalunci, kuma mutane da yawa sun cutu, shi ya sa suke magana da ɗaci. Rashin yardar da ke tsakanin talaka da ɗan sanda tsohuwa ce a ƙasar nan, ta samo asali tun zamanin Turawa, kafin ma a haɗe rundunar Arewa da ta Kudu a shekarar 1930, kuma zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda a watan Oktoba na 2020 ta nuna yadda fushin ya taru a zukatan jama'a. Wanda ya rubuta "Allah ya ƙara" a ƙarƙashin hoton gawa, galibi bai taɓa sanin mijinki ba, kaki kawai ya gani, sai ya sauke masa haushin wani ɗan sanda dabam da ya taɓa cutarsa. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, to wannan hukuncin mutane ne. A wurin Allah kuwa, Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Annabi (SAW) kuma ya hana zagin matattu, ya ce sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ki fahimtar da yaron cewa alhakin wannan rubutu yana kan waɗanda suka yi shi, kuma ba da dambe a Islamiyya ake wanke sunan uba ba, ko da yake ni ban ga laifin zuciyar da ta tashi don kare mahaifinta ba.

Sai dai wannan bayani shi kaɗai ba zai wadatar da shi ba. Idan kika ce masa Abbansa mutumin kirki ne, zai ji, amma ya san kowace uwa haka za ta faɗa. Abin da yaro yake riƙewa shi ne labari mai wuri da rana da mutanen da suka shaida. Ki tuno masa da safiyar sallar da mahaifinsa bai ci abinci a gida ba saboda yana tsaron filin idi, da ƙarshen watan da albashi ya ƙare ya ciwo bashi a wurin mai shago, da wanda ya taɓa zuwa gidanku godiya saboda an dawo masa da babur ɗinsa da aka sace, idan irin waɗannan sun faru. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya, domin ranar da ya gano ƙari a labari guda, sauran ma za su zube. Sannan ki nemi abokan aikin marigayin, musamman waɗanda suka daɗe tare da shi a caji ofis ɗaya, ki roƙe su su zo su zauna da yaron a gaban kawunsa ko wani babba na gida, su ba shi labarin mahaifinsa da bakinsu. A garin Jos wannan yana da wani nauyi na dabam. Tun rikicin watan Satumba na 2001, da na 2008, da na 2010, mutanen garin nan sun saba ganin ɗan sanda yana tsaron masallaci ranar Juma'a, yana tsaron coci ranar Lahadi, kuma a mota ɗaya ta sintiri za ki tarar da Bahaushe da mutumin Birom da na Angas da na Tarok. Idan yaron ya ji wani saje wanda ba addininsu ɗaya ba, ba kuma ƙabilarsu ɗaya ba, yana shaidar cewa mahaifinsa bai taɓa guduwa ya bar abokin aiki a cikin haɗari ba, wannan shaida za ta zauna masa fiye da duk abin da ke ko ni za mu faɗa. Ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da suka ce, ki kuma adana hotunansa da saƙonnin muryarsa da ke cikin wayarki a wuri fiye da ɗaya, saboda ƙannensa mata ƙanana ne, nan da 'yan shekaru za su nemi sanin muryar mahaifinsu.

Yana da kyau kuma yaron ya san cewa mahaifinsa yana cikin jerin mutane masu yawa da suka ba da ransu a wannan aiki. Ranar 16 ga Yuni 2011, lokacin da aka kai harin bam hedikwatar 'yan sanda a Abuja, jami'in da ke kula da shigar motoci ne ya karkatar da motar maharin zuwa wurin ajiye motoci, bam ɗin ya tashi da shi a can. A watan Mayu na 2013, a ƙauyen Alakyo na jihar Nasarawa, maƙwabciyar Filato, an kashe gomman 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya a kwanton ɓauna guda. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar gida irin naki.

Akwai wata magana da ba ki rubuta ba, amma zan taɓa ta, domin tana iya zuwa wa mace a irin matsayinki da tsakar dare, wato idan fa akwai wani abu a kansa. Albashin ɗan sanda halal ne, domin lada ne na tsaron rayuka da dukiyoyin jama'a, kuma da shi za ki amsa wa yaron tambayarsa kai tsaye. Idan ba ki san wani abu takamaimai ba, kada ki shiga tonon abin da Allah ya rufe, kuma kada ki bari maganar mutanen intanet ta zama zato a zuciyarki game da mutumin da kika zauna da shi shekaru kika san cinsa da shansa. Idan kuwa kin san wani haƙƙi na wani mutum da ya rage a kansa, to mafi girman alherin da za ki yi masa shi ne a mayar wa mai shi daga cikin abin da ya bari, a asirce, bayan kin shawarci malamin da kika amince da shi, kuma wannan ba magana ce da za a ɗora wa yaro ɗan shekara 12 ba.

Game da shahada, malamai suna taka tsantsan wajen yanke wa wani mutum takamaimai hukunci, har Imam Bukhari ya ware babi a kan cewa ba a cewa wane shahidi ne, saboda niyya Allah kaɗai ya san ta. Amma dalilan kyautata zato a kan mijinki suna da ƙarfi. Ya tabbata a hadisi cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko jininsa ko iyalinsa shahidi ne, ya kuma zo cewa idanu biyu wuta ba za ta shafe su ba, idon da ya yi kuka don tsoron Allah da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Mutumin da ya fita da dare don matafiya su wuce lafiya, 'yan ta'adda suka kashe shi a kan hakan, muna yi masa fatan wannan matsayi, kuma haka za ki faɗa wa yaran: muna fata Allah ya karɓi shahadarsa. To amma a nan akwai hadisin da nake so ki riƙe da kyau, wanda Muslim ya ruwaito, cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. Wannan shi ya kawo mu maganar ƙanin mijinki.

Ina so ki fara da kyautata masa zato. Shi ma ɗan uwansa ya rasa, shi ma ya karanta zagin da kika karanta, kuma mai yiwuwa rumfuna da kalandar da yake so hanyarsa ce ta nuna wa gari cewa yayansa yana da gata. Niyyar ba ta da laifi, kuɗin da yake son kashewa ne ba nasa ba. Batun sadakar uku da bakwai da arba'in, kin san a garin nan malamai sun daɗe da saɓani a kansa, wasu gidaje suna yi, wasu ba sa yi, kuma ba zan mayar da makokinki fagen wannan muhawara ba. Amma akwai abin da duk ɓangarorin suka haɗu a kai, shi ne ba a ciyar da baƙi da dukiyar maraya. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu. Lokacin da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da ya shagaltar da su ya same su, wato jama'a ne ke ɗaukar nauyin gidan mamaci. Gudummawar da abokan aiki suka haɗa kuwa tana bin niyyar waɗanda suka bayar, kuma idan sun ce don ke da yara ne, ba wanda yake da ikon mayar da ita riguna. Rigar da aka buga hotonsa a jiki ma, bayan wata shida za ki iya ganinta a hannun mai goge mota, kuma ban ga girmamawa a cikin wannan ba.

Kada ki yi wannan jayayya da kanki, kina cikin takaba kuma an riga an fara jifanki da son kuɗi. Ki samu mahaifiyarsa ke da ita, cikin ladabi, ki nuna mata cewa jikokinta kike tunani, sannan ki nemi wani dattijo daga danginki da limamin unguwa ko malamin da ƙanin mijinki yake jin nauyinsa, su zauna da shi. Shawarar da za a kai masa ita ce a fara da sanarwa a masallaci cewa duk wanda yake bin marigayin bashi ya zo, a duba bashin mai shago da na adashi da na ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aiki, a biya tun kafin a raba komai. Idan gidansu masu yin addu'ar arba'in ne, a yi ta daidai ƙarfi daga aljihun manya, a sauke Alƙur'ani, a yi addu'a, a tashi. Idan kuma ana son abin da zai daɗe da sunansa, hadisi ya ambaci abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a. A unguwannin Jos da ake layin ruwa da rani, gyaran rijiya ko famfon masallaci sadaka ce da ake gani kullum, kuma ƙaninsa zai iya jagorantar wannan da kuɗinsa da na 'yan uwa da abokai, ya samu abin da zai nuna ya yi wa yayansa.

Maganar takardu kuwa, ki cire kunya a kanta, domin neman haƙƙin marayu aiki ne da ya hau kanki. Sunan da ma'aikaci ya rubuta a takardun aiki a matsayin makusancinsa suna ne na wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, kuma a dokar Najeriya hakan shi kaɗai ba ya mayar da mutum magaji. A shari'ar Musulunci ma, tunda marigayin ya bar ɗa namiji, 'yan uwansa ba su da rabo. Bayan an fitar da bashi da wasiyya idan akwai, ke kina da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, mahaifiyarsa tana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, sauran na yara ne, namiji yana da rabon mata biyu. Idan aka kasa dukiyar kashi 24, uku naki ne, huɗu na mahaifiyarsa, 17 na yara, muddin dai babu wata matar ko mahaifi a raye. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusunsa na fansho, kuma kamfanin NPF Pensions ne aka kafa don kula da asusun 'yan sanda. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai ga ma'aikaci, wadda ba za ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba. Bayan waɗannan akwai tallafin iyalai na Sufeto Janar, da ajiyarsa a ƙungiyar taimakon kai da kai idan yana zubi, da abin da ake cire masa na asusun gidaje na ƙasa. Wanne ne gado a cikinsu, wanne ne kyauta ga iyali, wannan alƙali ko malamin da ya ƙware a rabon gado ne zai fayyace, kuma ya fi kyau a yi rabon a gaban kotu a rubuce, a buɗe wa rabon yara asusu na dabam.

Za a nemi takardar shaidar rasuwa, da sanarwar da rundunar ta fitar game da rasuwarsa, da takardar ɗaukarsa aiki, da ta albashinsa na ƙarshe, da shaidar aurenku da ta haihuwar yara, da kuma takardar da sashen gado na Babbar Kotun jiha yake bayarwa ta wakilcin magada. Ki dage sunanki ya shiga cikin wakilan da kotu za ta naɗa, ko da tare da ƙanin nasa ne, ki kuma riƙe kwafin kowace takarda. Kada wani ya ci gaba da cire kuɗi da katin bankin marigayin, domin daga ranar da ya rasu abin da ke ciki na magada ne. Ki yi hattara da masu kira a waya su ce daga Abuja suke, a turo musu wani abu su hanzarta fitar da kuɗi, domin damfara ce da aka saba yi wa matan mamata. Idan abu ya cije, akwai Hukumar Agajin Shari'a ta ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, waɗanda suke taimaka wa marasa ƙarfi, akwai kuma hukumar fansho ta PenCom da ake kai wa ƙorafi. Biyan irin waɗannan haƙƙoƙi yana ɗaukar lokaci, don haka a fara yanzu.

Takaba ba ta hana ki wannan. Wata huɗu da kwana goma ne kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta faɗa, za ki bar ado da turare, ki riƙa kwana a ɗakinki, amma malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta wa mai takaba ta fita da rana don buƙatarta ta dawo. A Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imam Malik, akwai labarin Furai'a 'yar Malik, wadda ita ma kashe mijinta aka yi a hanya kuma bai bar mata gidan kansa ba, Annabi (SAW) ya umarce ta ta zauna a ɗakinta har wa'adin ya cika. Idan wani ya matsa miki ki kwashe kaya kafin ki fita takaba, dattawanki su kai wannan hujja ga shugabannin barikin cikin girmamawa.

Hotunan gawar da suka bazu, ki sa wani matashi a dangi ya bi waɗanda ya sani ya roƙe su su goge, ya kuma kai ƙara ga Facebook ta hanyar da aka tanada. Ba duka za su ɓace ba, amma za su ragu. Ke kuma kada ki sake buɗe su, kada ki karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu, kuma ki roƙi malaman Islamiyya su ja kunnen yara a kan tsokanar maraya.

Ita ma hukuma tana da nata bashin girmamawa, kuma ba roƙo ba ne idan kin nema. Shugaba Bola Tinubu ya ayyana 7 ga Afrilu a matsayin ranar 'yan sanda ta ƙasa, aka fara bikinta a 2025, kuma tunawa da waɗanda suka rasu a bakin aiki yana cikin abin da ake yi a lokacin. Ta hannun ƙungiyar matan 'yan sanda ta POWA ko shugaban caji ofis ɗin da ya yi aiki, ki nemi a rubuto muku takardar ta'aziyya da yabo mai ɗauke da sunansa da muƙaminsa da yadda ya rasu, ki ajiye wa yaran. Idan aka gayyace ku taro bayan kin fita takaba, ki tambayi yaron ko yana son zuwa, kada ki tilasta masa. Kayan aikin da hukuma ta nema a mayar, a mayar da su cikin tsari a karɓi shaida, abin da aka bar muku kuma ki ninke ki adana, ba sai an rataye shi a falo a gaban yaron da bai shirya kallonsa ba. Wata rana da kansa zai tambaya.

Ki kula da jikinki, 'yar uwa, domin yaran nan ba su da wani bango sai ke. Mutuwar da ta zo farat ɗaya ta hanyar kisa tana barin tabo dabam da ta jinya. Idan makonni suka shuɗe ba kya barci, ba kya iya cin abinci, kina firgita da ƙarar mota ko bugun ƙofa, ko yaron ya daina magana, ko ya fara ambaton ɗaukar fansa, ku ga likita ba tare da jin kunya ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba ya cin karo da addu'a. Sannan tun yanzu ki fara tunanin inda za ku koma, saboda gidan bariki na aiki ne, ba za a bar muku shi har abada ba. Ki sa danginki su fara duba ɗaki a unguwar da ba ta da nisa da makarantar yaran da kuma gidan kakarsu, domin kada su rasa uba da gida da makaranta a cikin shekara guda.